'Yar Robar Da Ke Tsare Ran Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfutar ofis zai ga wani faffaɗan allo wanda dukkan sassanta ke maƙale a kansa. A jikin allon nan akwai wasu 'yan allurai biyu ko uku a jere, an kifa musu wata 'yar roba mai ƙarfe a ciki. Masu gyara suna kiranta jamfa, ko da yake ba ta da dangantaka da jamfar sawa. Aikinta shi ne ta haɗa allura biyu domin wuta ta bi ta tsakaninsu.

Amfaninta yana fitowa ne wajen sabunta BIOS, watau umarnin farko da kwamfuta ke karantawa da zarar an kunna ta. A da, sai an cire ma'ajin umarnin an haska masa wani haske na musamman kafin ya gogu. Da aka shiga shekarun 1990 sai aka samo ma'ajin da wuta ke gogewa yana nan a mazauninsa. Wasu na buƙatar wuta mai ƙarfin volt 12, wasu 5, jamfa ce kuwa ke zaɓar wadda za ta shiga. A wasu allunan ita ce kwaɗon da ke hana rubutu sam.

Duniya ta ga muhimmancin wannan kwaɗo ran 26 ga Afrilu, 1999, sa'ad da cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi ɗan Taiwan, Chen Ing-hau, ya ƙirƙira a 1998, ta tashi. Ta shafe bayanai, ta kuma lalata BIOS na kwamfutoci masu yawa har suka kasa tashi. Waɗanda jamfarsu ke kulle, umarninsu na farko ya tsira.

Saboda haka mai niyyar wannan aiki ya fara duba littafin allonsa, domin kowane kamfani da tsarinsa. Alal misali, a allunan da Intel ya yi, allura ta 1 da ta 2 na aikin yau da kullum ne, ta 2 da ta 3 na gyaran saiti, cire jamfar ɗungum kuwa na ceto BIOS da ya lalace. Kada a taɓa ta sai an kashe kwamfuta an zare wayar wuta. In an gama, a mayar da ita inda take.

Babban haɗari dai shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, gama tsohon umarni ya gogu, sabo bai kammala ba. Allunan zamani da yawa sun rage dogaro ga jamfa, wasu ma BIOS biyu gare su, amma wannan haɗari yana nan. Ma'aikacin da ba shi da na'urar ajiyar wuta ta UPS, gara ya dakata har ya samu.