Yadda Ake Yi wa 'Yar Aiki Gyara a Gidajen Katsina

A birnin Katsina, daga tsofaffin unguwanni irin su Yarinci da Gambarawa har gidajen GRA, da wuya ka shiga gidan mai hali ba ka tarar da mai taya uwargida aiki ba. Wata yarinya ce da aka kawo daga ƙauyukan Rimi ko Kaita ko Batagarawa, wata bazawara ce mai zuwa da safe ta koma da la'asar, wani kuma almajiri ne mai shara da ɗiban ruwa a bakin abinci da ɗan kuɗin sabulu. A shekarun nan matan da 'yan bindiga suka tayar daga Batsari da Jibiya da Safana sun ƙara yawan masu neman wannan aiki. Aiki kuwa ba ya rasa tangarɗa: ƙurar hunturu ta kwanta a ƙarƙashin gado, ƙanzo ya maƙale a gindin tukunya, randa ta yi gansakuka. A garin da ake yi wa kirari da ta Dikko ɗakin kara, faɗin wannan aibi yana da matakansa.

Matakin farko kawaici ne. Uwargida ta gani, ta ɗauke kai, ko yau da gajiya aka tashi. In abin ya maimaitu, sai ta yi hannunka mai sanda. Ta ɗauki tsintsiyar laushi da kanta, ta janye kujera, ta share wurin da aka tsallake, ta tara ƙurar a inda ido zai gani, ba ta ce uffan ba. Yarinya mai hankali da gudu za ta zo: "Hajiya, kawo in ƙarasa." Magana ta ƙare ke nan.

In nuni bai yi ba, sai gugar zana. Hajiya ta kira ɗiyar cikinta ta yi mata faɗan kwanon da ba ita ta wanke ba, da muryar da za a ji har madafi. Ɗiyar ta san ba da ita ake ba, wadda ake da ita ma ta sani, amma ba wanda aka kunyata.

Sai duk wannan ya gaza ake kira ɗaki. Ba a yi a gaban baƙi, ba a yi tana cin abinci, ba a kuma yi ranar biyan kuɗin wata, kada ta ɗauka hanyar zaftare mata haƙƙi ake nema. Hajiya kan fara da tambaya: "Lafiyarki kuwa? Ko kewar gida ce? Ya jikin Inna?" Sau da yawa a nan ake gano zazzaɓi ne, ko yara ne suka raina ta. Daga nan sai gyaran: "Ke ɗiyata ce, kuma gidan miji za ki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Ita kuma ta durƙusa, kai a ƙasa: "Na gode, Hajiya, in sha Allahu ba za a sake ba."

Shekaru suna sauya salon. Dattijuwar da ta isa ta haifi uwargida ba a kiran sunanta, sai Inna ko Iya, kuma gyaran kan fito da siffar roƙo: "Iya, don Allah a taimaka mini da bayan ƙofar nan." Maigida kuwa ba ya sa baki a lamarin 'yar aiki mace. In ya ga rigarsa ba ta fita ba, matarsa zai gaya wa. Gyaran almajiri ne nasa, in abin ya yi tsanani ya taka har wurin malaminsa.

Mataki na kusa da ƙarshe shi ne aika wa matar da ta kawo yarinyar, domin ita ta tsaya a tsakani, ita iyaye suka damƙa wa amana. Takan zo ta ji ta kowane ɓangare, ta ja kunne cikin harshen da yarinyar ta saba ji a ƙauyensu. In zama ya ƙi, ba a cewa an kore ta. Sai a ce ta je gida ta huta, a haɗa mata atamfa da sabulu da kuɗin mota, domin gobe uwarta na iya sallama a ƙofar gidan da ƙullin daddawa.

Malamai kan tuna wa mata cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, Annabi bai taɓa tsawata masa ba. Sai dai ba kowane gida ke riƙe da wannan ba. Akwai inda zagi da mari da hana abinci suka maye gurbin kara, akwai kuma inda aka ɗora wa ƙaramar yarinya aikin manya, alhali dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar wanda bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Karar ma in ta yi yawa tana da illa. Yarinyar da ta tashi tana share daɓe ba ta san yadda ake goge tayil ba, kuma habaici ba ya koyar da kunna gas. Sai uwargida ta yi ta cika tana batsewa, ita kuma ba ta san laifinta ba. Shi ya sa matan da suka daɗe da riƙon 'yan aiki suke ware makon farko su yi kowane aiki tare da sabuwar zuwa, su faɗi abin da suke so ɓaro-ɓaro. Wadda aka koya wa da hannu ce kaɗai ake da bakin yi wa gyara.