Jini a dasashi: abin da ke haddasa shi da yadda za a kula da shi

Mutane da yawa kan ga jini a buroshi ko a asuwaki da safe, su kurkure baki su wuce kasuwa ko ofis, tunda babu wani ciwo da suke ji. Wasu kan ɗora laifin a kan buroshin, wasu kuma su daina goge wurin don gudun fama shi. Sai dai a wurin likitocin haƙori, lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi a hankali. Idan ya yi, to akwai dalili, kuma galibi gargaɗi ne da ke zuwa tun gyara yana da sauƙi.

Babban dalilin shi ne wani datti mai yauƙi da ke taruwa kullum a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Wannan datti cike yake da ƙwayoyin cuta. Idan ya daɗe a wurin, dasashin kan yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an taɓa shi. Cikin 'yan kwanaki dattin kan fara daskarewa ya zama kamar tsakuwa, wadda buroshi ba ya iya cirewa sai da kayan aikin likita.

A wannan mataki na farko cutar tana warkewa sarai. Idan aka yi sakaci kuwa, sai ta gangara ƙasa. Ɗan lungun da ke tsakanin haƙori da dasashi, wanda zurfinsa bai wuce milimita 3 ba a lafiyayyen baki, sai ya zurfafa ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, su fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Daga nan sai warin baki, da janyewar dasashi, da girgiɗar haƙori. Ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake da kansa, shi ya sa mutum kan rasa haƙorin da ko kogo bai yi ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa wannan mataki mai tsanani ya shafi kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato fiye da mutum biliyan 1.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa matsalar ƙarfi. Mai ciwon suga da bai daidaita sugansa ba ya fi saurin kamuwa, kuma kumburin dasashin kan ƙara wahalar da daidaita sugan. Mace mai juna biyu kan ga jini a dasashi saboda sauye-sauyen da jikinta ke yi. Ƙarancin bitamin C, wanda ake samu a lemo da gwaiba da tumatir da zogale, na raunana dasashi. Magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin na ƙara zubar jinin, wasu magungunan hawan jini kamar amlodifin da nifedifin kuma kan sa dasashi ya yi kauri. Bai kamata a daina shan su ba sai da shawarar likitan da ya rubuta su. Taba sigari kuwa yaudara gare ta: tana tsuke jijiyoyin jini, sai jinin ya ragu alhali cutar na ci gaba da ɓarna a ɓoye.

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada. Ana son a goge baki sau 2 a rana, musamman kafin barci, na tsawon minti 2, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. A karkata bakin buroshin zuwa gindin haƙori, a goga a hankali, ba da dirza ba, a kuma sauya shi bayan wata 3. Asuwaki, wanda al'umma ta daɗe da saninsa, yana da amfani idan bakinsa ya yi laushi kuma aka kai shi ciki da wajen haƙora har zuwa turame. Tsakanin haƙora kuma zaren sakace ya fi dacewa, domin tsinke, ko ashana, ko allura kan ji wa dasashi rauni. Haka ma dirza gawayi ko toka na kankare haƙori. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri na rage raɗaɗi, amma ba ya cire dattin.

Wurin da ke jini shi ne ya fi buƙatar gogewa. Idan aka dage, jinin kan ragu cikin mako 1 zuwa 2. In ya wuce haka, ko aka ga mugunya, ko haƙori ya fara motsi, sai a nufi sashen haƙori na asibiti don a kankare daskararren dattin. Kuɗin wankin haƙori bai kai na cirewa da sanya na roba ba.

Wasu alamomin kuma ba sa jira. Jinin da ke zuba haka kawai ba tare da gogewa ba, ko wanda ya zo da haɓo, da kasala, da tabon jini a ƙarƙashin fata, na iya nuna cutar jini ko ta hanta. Idan ya haɗu da zazzaɓi mai zafi, a gaggauta zuwa asibiti, domin zazzaɓin Lassa mai tsanani kan zo da haka.

Iyaye su sa ido a bakin ƙananan yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Cutar Noma, mai cin naman fuska, da kumburin dasashi take farawa, kuma cikin 'yan kwanaki takan huda kumatu. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin ita a Sakkwato, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Idan aka kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita kafin ta taɓa fuskarsa.