Daga dandalin ƙauye zuwa Takobi: Doguwar tafiyar ɗan kokawa a jihar Maraɗi

A shekarar 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, aka shirya gasar kokawar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Jamhuriyar Nijar. A birnin Tawa aka yi ta, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, shi ya zama sarkin kokawa na farko. Yau babban filin kokawa na birnin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kuma filin ne matasan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ke burin takawa wata rana.

Tafiyar takan fara ne a ƙauye. Idan kaka ta yi, an kai gero rumbu, an haƙe gyaɗa da aya, sai makaɗa su kafa ganga a dandali. Nan yaro ke fara gwada ƙarfinsa da sa'o'insa, daga baya ya bi manya zuwa garuruwan makwabta. Wanda ya yi fice sai a kira shi zaɓen gunduma, daga nan kuma ya je Maraɗi neman gurbi a tawagar jiha.

A nan ne ƙofa ke ƙara matsewa. Kowace daga cikin jihohi takwas na ƙasar 'yan kokawa goma take kaiwa gasar Takobi. Ke nan ɗan Gazawa ko Gidan Rumji sai ya goga da zaratan Tasawa, Mayahi, Dakoro, Madarumfa da na cikin birni kafin ya samu ɗaya daga cikin guraben goma. Idan ya samu, zai tarar da mutum 79 da ke neman takobin da yake nema. Ƙa'idar gasar kuwa ba ta da sassauci: wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman sarauta, sai dai ya jira baɗi.

Tarihin Kadri Abdou na jihar Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya nuna inda wannan hanya ke iya kai mutum. Ya ɗauki takobinsa na farko a 2015. Daga baya ya lashe gasa uku a jere, a Yamai, Diffa da Agadas, inda a Disamban 2023 ya cika takobi shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. Shekara guda bayan haka aka kai gasar gidansu Dosso, sai Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da sarauta a wasan ƙarshe, a gaban 'yan uwansa.

Sarkin kokawa yana samun miliyoyin sefa da kyaututtuka daga hukumomi da 'yan kasuwa, ga suna a rediyo da talabijin. Amma takobin guda ne a shekara. Mafi yawan waɗanda suka faɗi sukan koma gona da kiwo, wasu kuma su tafi ci-rani Najeriya, Libiya ko Aljeriya. Lokacin ƙarfin ɗan kokawa gajere ne, kuma targaɗe ɗaya a gwiwa ko kafaɗa na iya yanke masa sana'ar.

'Yan Nijar mazauna Amurka sun san wani tsari na daban. A can, ɗan wasan ƙwallon Amurka yakan bi ta jami'a kafin ya zama ƙwararre, ko da kuwa shi ne kwatabak, wato jagoran da ke rarraba ƙwallo. Da yawa jami'ar ce ke ɗaukar nauyin karatunsu saboda wasan, kuma tun Yulin 2021 hukumar NCAA ta ba su damar samun kuɗi da sunansu ta hanyar talla. Kaɗan ne daga cikinsu ke shiga babbar gasar NFL, amma wanda bai shiga ba yana iya fita da takardar digiri.

Ɗan kokawan Agye ba shi da irin wannan madogara, domin hanyarsa ba ta bi ta makaranta ba. Kokawar ƙauye ita ke ciyar da gasar ƙasa da gwanaye, sai dai kulawar da ake ba su ta fi yawa a kwanaki goman gasar. Ko da koyon sana'a aka haɗa da sansanin horon tawagar jiha, tare da asusun jinya ga wanda ya ji rauni, da an rage wa iyalai da dama fargaba. Kafin nan, kowace kaka za a ci gaba da buga ganga a ƙauyukan Maraɗi, iyaye kuma su ci gaba da auna ko su bar yaro ya shiga fili ko su tura shi neman kuɗi.