Ɗan Malamin da Ya Tafi Landan Koyon Zane

Alhazan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka sun san Umdurman, birnin nan da ke fuskantar Khartum a ƙetaren kogin Nilu. A can aka haifi Ibrahim Salahi cikin 1930. Mahaifinsa malami ne mai almajirai, saboda haka alƙalami da tawada su ne farkon abin da yaron ya riƙa, ya kuwa tashi yana ganin zayyanar da ake yi wa alluna. Da ya girma ya shiga makarantar zane a Khartum, cikin 1954 kuma aka aika da shi Landan, makarantar Slade, ya shekara uku yana gwada hannunsa a hanyoyin Turawa iri iri.

To, cikin hanyoyin nan akwai wadda suke kira suriyalizim, watau abin da ya zarce zahiri. Asalinta birnin Faris, inda André Breton ya rubuta manufarta cikin 1924. Mutanenta sun ga ɓarnar yaƙin 1914 zuwa 1918, suka ce in wayon masu wayo ne ya jawo wannan, gara a saurari mafarki. Aikinsu kashi biyu ne. Na fari, a zana mafarki tsaf kamar an gan shi da ido, yadda Salvador Dali ya zana agoguna suna narkewa kamar man shanu a rana, cikin 1931. Na biyu, a saki hannu ya yi ta tafiya bisa takarda ba da shiri ba, sai daga baya a duba abin da ya fito.

Da Salahi ya komo gida cikin 1957, ya baje aikinsa a Khartum, amma mutanen gari ba su kula ba. Kowane falke ya san zafin wannan: ka sha tafiya, ka kwance kaya, kasuwa ta ƙi tayawa. Maimakon ya zargi jama'a da jahilci, sai ya shiga duba abin da suke ratayawa a ɗakunansu, ya tarar rubutu ne da zayyana. Ya fara sa haruffan Larabci a gefen zanensa, sai ga mutane suna matsowa su karanta. Sa'an nan ya riƙa warware haruffan, yana jan wutsiyarsu, yana buɗa cikinsu, har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka soma fitowa daga tsakaninsu. Nan ne aikinsa ya haɗu da kashi na biyu da muka ambata, sai dai shi daga allon mahaifinsa ya iso wurin.

Cikin 1961 ya zo Nijeriya, aka nuna aikinsa a Mbari ta Ibadan. A shekarar ce kuma ya soma wani babban zane na mafarkin ƙuruciya bisa damuriya, watau saƙin auduga na Sudan.

Jarrabawa ta same shi cikin 1975, sa'ad da gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. An hana fursuna zane, sai ya riƙa yi a ɓoye bisa guntayen takardar buhun siminti, yana binne su cikin yashi. Daga nan ya saba da fara aiki da ɗan ƙanƙanen ƙwaya, yana ƙara takarda kan takarda har abu ya girma kamar itace.

Cikin 2013 gidan Tate Modern na Landan ya tara aikin rayuwarsa ya nuna wa duniya, a birnin da ya zo yana ɗalibi shekara 59 kafin nan. Mai ɗa a makarantar nesa, in ya komo da abin da ba ka gane ba, kada ka yi saurin yanke hukunci. Tambaye shi tukuna me ya riƙe daga gida. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.