Kafin Ka Kai Amfilifayar Jitarka Gyara: Wace Na'urar Gwajin Sauti Ta Dace?

Masu kiɗan biki a Birnin Kebbi da Argungu sun san wannan ciwon kan: ana tsakiyar sha'ani, amfilifaya ta fara ƙugi ko sautin jita ya shaƙe. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da wutar janareta mai hawa da sauka, duk suna cin kayan sauti. Idan kuma lokacin bikin kamun kifi na Argungu ne, rasa amfilifaya na nufin rasa aiki da kuɗi.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba da kunne kaɗai yake lalube ba. Yana amfani da na'urar da ke fitar da sautin gwaji tsayayye, ya tura shi cikin amfilifaya, ya bi shi mataki-mataki har ya gano inda ya lalace.

To, me za ka duba wajen saye?

Na farko, faɗin sauti. Kunnen mutum yana ji daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, don haka na'urar ta kai nan. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kusan 82 Hz, ta jitar bes kuma 41 Hz. Gwaji na yau da kullum ana yin sa a 1,000 Hz.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke tafka asara: ƙarfin fitarwa. Siginar jita ƙarama ce, galibi wajen milibolt 100. Na'urar da ba ta iya rage ƙarfinta zuwa nan za ta cika wa amfilifaya ciki, sauti ya karye, ka ɗauka laifin injin ne alhali lafiyarsa ƙalau.

Na uku, ta riƙa ba da sauti mai santsi da kuma mai kusurwa. Mai santsin yana tona karyewar sauti, mai kusurwar yana nuna yadda bes da tirebul ke aiki, idan akwai osiloskop.

Aljihu ba nauyi? Manhajar waya tana wadatarwa ga mai farawa. Cire ta daga caji, ka fara da ƙaramar murya.

Ƙugin ma yana magana. Wutarmu 50 Hz ce: ƙugi a nan yawanci matsalar waya ce ko ta ƙasa, na 100 Hz kuwa alamar kondansa ta gaji.

Gargaɗi: amfilifaya mai kwalaben wuta, irin tsofaffin Fender da Marshall, ba a kunna ta babu sifika ko rezistan da zai maye gurbinta, in ba haka ba taransifoma ta ƙone. Kondansarta kuma tana riƙe wuta mai kisa ko an kashe. Idan ba ka koya ba, bar wa masu sana'ar.

Kai makaɗi, in ka je shago, tambayi mai gyara da me yake gwaji kafin ka ajiye kayanka.