Bayani a kan sunan Arsalan, asalinsa da manyan da aka kira da shi

 

Ka sani ya kai ɗalibi, Allah ya buɗa maka, akwai wani suna da za ka yi ta gamuwa da shi cikin littattafan tarihi da na tarjamar malamai, wani wuri an rubuta Arsalan, wani wuri Raslan. Na ga almajirai da yawa suna tuntuɓe da shi, har da waɗanda suka yi nisa cikin nahawu. Dalili kuwa, haruffansa shida ne: alifi, ra, sin, lam, alifi, nun. In ka musanya biyun ƙarshe sai ka sami arsalna, wato mun aiko, kalmar da bakin almajiri ya saba da ita tun yana kan allo. Sai ya zaci sunan daga risala ya fito, ya fassara shi da manzo ko wanda aka aiko. Ba haka ba ne. Kalmar ba ta Larabci ba ce, ta Turkawa ce, ma'anarta zaki.

Mahmudu al-Kashgari ya kawo ta cikin Diwanu Lugatit Turki, littafin da ya fara a shekara ta 464 ta Hijira, 1072 ta Miladiyya, domin ya sanar da Larabawa harshen mutanensa. Turkawa a can farko makiyaya ne mahaya dawaki a dajin tsakiyar Asiya, al'adarsu su sa wa ɗa sunan dabba mai ƙarfi. Tugrilu wani tsuntsu ne mai farauta, dangin shaho. Bugra amale ne. Sarakunan Karahaniyawa, masu Kashgar da Balasagun, babbansu ana ce da shi Arsalan Khan, mai bi masa Bugra Khan. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da Larabawa suna da Asadu da Laisu da Usamatu da Haidar, duk zaki ne, mu ma nan bafade yakan durƙusa ya ce da sarki zaki.

Farisawa kuwa suna da tasu kalma ta zaki, ita ce shir, kamar cikin Shirkuh, ƙanen mahaifin Salahuddini, ma'anarsa zakin dutse, laƙabinsa kuma Asaduddini, zaki bisa zaki ke nan. Amma da sarakunan Turkawa suka mallaki Hurasan da Iraƙi, fadarsu tana magana da Farisanci, sai Farisawa suka karɓi sunan, suka sa wa sin fataha, suka ce Arsalan. Turkawan yau suna cewa Arslan, suna kuma yar da ra su ce Aslan. Larabawan Sham da Masar suka yar da alifin farko suka ce Raslan.

Fa'ida. Tun da suna ne na yanka, ba'ajame kuma, haruffansa sun wuce uku, to ba ya karɓar tanwini, a halin jarri kuma fataha yake ɗauka, kamar Ibrahima da Isma'ila. Ko da wani ya yi gardama ya ce Raslan Balarabe ne, alifi da nun na ƙarshensa sun hana shi sarafi kamar Usman da Salman, hukunci bai sāke ba. Wanda ya tambaya ko ya halatta a raɗa wa yaro shi, ni dai ban ga aibi ba. Sunayen da Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya musanya, don munin ma'anarsu ya musanya su, mafi yawan sunayen annabawa kuwa ba na Larabci ba ne.

Fasali cikin ambaton sarakuna. Zan fara da wanda ba a yabonsa, shi ne Arsalan al-Basasiri, alkunyarsa Abul Harisi, wadda ita ma alkunyar zaki ce a wurin Larabawa. Bawa ne Baturke, ubangijinsa na farko mutumin Basa ne cikin ƙasar Farisa, daga nan nasabarsa ta fito. Ya girma cikin rundunar Buwaihawa har ya zama babban jarumin Bagadaza. Da Tugrilu sarkin Saljuƙawa ya shiga birnin a shekara ta 447, sai Basasiri ya koma wajen Faɗimiyawan Masar, suka ba shi dukiya da makamai. Ya jira Tugrilu ya tafi yaƙi da ɗan'uwansa, ya afka wa Bagadaza a watan Zulƙida na 450, ƙarshen 1058. Aka fitar da Halifa al-Ƙa'imu aka kai shi Hadisa a bakin kogin Furatu, aka yi ta huɗuba da sunan al-Mustansiru na Masar bisa mumbaran Abbasiyawa wajen shekara guda. Tugrilu ya komo ya mayar da halifa gidansa, aka bi Basasiri aka kashe shi kusa da Kufa a ƙarshen 451.

Shekara huɗu bayan wannan Tugrilu ya rasu bai bar ɗa ba, sarauta ta faɗa hannun ɗan ɗan'uwansa, Muhammadu ɗan Dawuda, wanda duniya ta sani da Alp Arsalan. Alp jarumi ne da harshensu, sunan duka jarumin zaki ke nan. Dubi dai, suna ɗaya, zamani ɗaya, wancan ya kori halifa, wannan ya zama garkuwarsa. Ya yi sarauta daga 455 zuwa 465, wato 1063 zuwa 1072.

Masu tarihi sun fi ambatonsa da yaƙin Malazkirdu, wani gari arewa da tafkin Wan, gabashin ƙasar Turkiyya ta yau. Sarkin Rum, Rumanus, wanda Larabawa ke rubutawa Armanus, ya fito da runduna mai yawan gaske a shekara ta 463. Alp Arsalan yana dawowa daga wajen Halab, mutanensa ba su kai na Rumawa ba, ya nemi sulhu aka ƙi. Ran Juma'a, cikin watan Agusta na 1071, ya sa fararen tufafi, ya shaida wa mutanensa su ne likkafaninsa in ya faɗi, aka gamu. Kafin dare rundunar Rum ta watse, aka kama sarkinsu da rai. Bai kashe shi ba. Ya girmama shi, ya yanka masa fansa, Ibnul Asiri ya ce dinari 1,500,000, ya sa aka raka shi. Mutanensa ne da kansu suka tuɓe shi suka ƙwaƙule masa idanu. Daga wannan rana ƙofar ƙasar Anadolu ta buɗe wa Turkawa.

Amma ni a wurina, abin da ya fi kamata ɗalibi ya riƙe game da shi wani ne dabam. A zamanin Tugrilu, wazirinsa al-Kunduri ya sa ana la'antar Ash'ariyawa bisa mumbaran Hurasan, aka hana malamansu wa'azi da karantarwa. Abul Ma'ali al-Juwaini ya bar Naisabur ya tafi Hijaz, ya shekara huɗu yana karantarwa tsakanin Makka da Madina, shi ya sa ake ce masa Imamul Haramaini. Al-Ƙushairi mai Risala shi ma ya fita. Da Alp Arsalan ya hau, ya kama Kunduri, ya ɗaukaka nasa waziri Nizamul Mulki, aka daina la'anar, malamai suka komo. Nizamul Mulki ya gina makarantun da ake kira Nizamiyya, ya yi musu wakafi, malami yana da albashi, ɗalibi yana da abinci da makwanci. Ta Bagadaza an buɗe ta a 459. Ta Naisabur aka ba Juwaini, ya zauna cikinta har ya rasu a 478, a gabansa kuwa Gazali ya durƙusa ya yi karatu. To duk wanda ya buɗe Waraƙatu ko Ihya'u a zauren malaminsa, ko ya karanta tauhidi bisa tafarkin Ash'ari kamar yadda muka gada, ya san akwai hannun wannan Baturke cikin abin da ya iso gare shi.

Mutuwarsa abin mamaki ce. Ya ƙetare kogin Jaihuna da runduna, aka kawo masa wani mai tsaron ganuwa, Yusufu al-Hawarizmi, ya yi umurni a kashe shi. Yusufu ya zage shi. Sarki gwanin harbi ne, ya ce a sake shi, ya ɗauki baka da kansa. Kibiya ta kuskure, ya taso daga gado ya yi tuntuɓe, Yusufu ya faɗa masa da wuƙa. Bayan 'yan kwanaki ya cika, aka rufe shi a Marwa.

Cikin Saljuƙawan Rum akwai Kilij Arsalan har huɗu, kilij takobi ne. Na farko shi ya hallaka ayarin farko na Faranjawa masu gicciye a 1096, a shekara mai bi suka ƙwace masa birninsa Nikiya, ya nutse a kogin Habur a 1107. Na biyu ya karya sarkin Rum Manuwel a 1176.

Fasali cikin malamai, nan ne za ka ga Raslan. Akwai Sirajuddini Umaru ɗan Raslan al-Bulƙini, shaihin Shafi'iyawan Masar, malamin Ibnu Hajar, ya rasu a 805, Suyuɗi ya ƙidaya shi mujaddadin ƙarni na takwas. Akwai Shihabuddini Ahmadu ar-Ramli, wanda aka sani da Ibnu Raslan, mai Safwatuz Zubad cikin fiƙihun Shafi'i da sharhin Sunanu Abi Dawuda, ya rasu a Ƙudus a 844. Sahawi ya faɗa cewa shi da hannunsa da hamza yake rubuta sunan kakansa, bakin mutane ne ya yar da ita. Wannan ya ishe ka hujja kan cewa Raslan da Arsalan abu ɗaya ne. A Dimashƙa kuma akwai kabarin Shaihu Arsalan, basufe na ƙarni na shida mai risala cikin tauhidi, kusa da Babu Tuma, mutanen garin Shaihu Raslan suke cewa.

Farisawa suna da hikaya mai suna Amir Arsalan. Mai ba sarki Nasiruddini Shah labari da dare ne yake faɗinta, sarkin da ya yi mulki daga 1848 zuwa 1896, 'yar sarkin tana bayan ƙofa tana rubutawa. Tatsuniya ce ta aljanu da soyayya, kada ka haɗa ta da tarihi.

Na ƙarshe da zan ambata, a wurinsa sunan na gida ne, ba na yanka ba: Shakibu Arsalan, daga gidan sarautar Duruzawa na dutsen Lubnan, wanda ake kira Amirul Bayan saboda fasaharsa. An haife shi a 1869, ya yi karatu wurin Muhammadu Abduhu, ya daɗe a Janiba ta ƙasar Suwizalan yana rubutu kan ƙasashen Musulmi da Turawa suka mamaye. Wani malami daga tsibirin Borniyo ya aika wa mujallar al-Manar tambaya, me ya sa Musulmi suka koma baya wasu suka ci gaba. Rashidu Rida ya miƙa wa Shakibu, amsarsa ta zama littafi. Ya rasu a Bairut a 1946.