Yadda direbobin manyan motoci suke sanin halin sama kafin su kama hanya

Ƴan uwa manoma da masu sana'a, kowa ya san tattasan da ake nomawa a bakin kogin Komadugu. Shi ne arzikin ƙasar Difa. Amma tattasai ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa. Wanda ke kai shi kuwa shi ne direban babbar mota. In ruwa ya doki buhunan a hanya, tattasan yakan yi fumfuna, launinsa ya dushe, kuɗinsa ya faɗi. Wahalar shekara guda tana iya lalacewa a dare ɗaya. Saboda haka ya kamata mu san yadda direbobi suke binciken halin sama kafin su tashi, domin abin ya shafe mu duka.

Hanyar tana da tsawo

Babbar hanyar kwalta da ta haɗa mu da sauran ƙasa ita ce hanya mai lamba 1. Daga Difa zuwa Damagaram akwai fiye da kilomita 450. Mota tana bi ta Maine-Sorowa, da Gudumariya, da Gure. Daga Difa zuwa Yamai kuwa an fi kilomita 1,300. Ta wajen arewa maso gabas, Ngigmi tana da kamar kilomita 130.

A tafiya mai tsawo haka, sama ba ɗaya ba ce. Ana iya yin rana ƙal a tashar Difa, alhali ana sheƙa ruwa a Gure. Direban da ya ɗaga kai ya dubi sama a tasha ya san halin tasha kawai. Abin da yake bukata shi ne labarin gaba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abubuwa huɗu da direba ke tsoro

Na ɗaya, ruwan damina. A ƙasarmu ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 ba, kuma yawancinsa yana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba. Ruwan kaɗan ne, amma yakan zo da ƙarfi a lokaci guda. Kwari yakan cika nan da nan, ruwa ya hau kan hanya, wani lokaci ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta.

Na biyu, cikar kogi. Wannan shi ya fi ruɗin baƙo. Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa, daga kogin Haɗeja da kogin Jama'are a Nijeriya. Yana yin makonni a hanya kafin ya iso mana. Shi ya sa kogi yake kai ƙarshen cikarsa bayan damina ta ɗauke, daga wajen Oktoba zuwa Disamba. A 2019 da 2022 kogin ya yi ambaliya, ya raba dubban mutane da gidajensu, ya cinye gonaki. A irin wannan lokaci babu ko gajimare a sama, amma hanyoyin da ke shiga garake suna ƙarƙashin ruwa.

Na uku, hazo da iskar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas. Tana kwaso ƙura daga wani babban kwari da ake kira Bodele, a ƙasar Cadi. Muna kusa da wurin, don haka ƙurar takan riske mu da kauri. Akwai ranar da direba ba ya hangen abin da ke gabansa. Iskar kuma tana tura rairayi ya hau kan kwalta, musamman a yankin Gudumariya da Maine-Sorowa inda tuddan rairayi suke da yawa.

Na huɗu, zafin bazara. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40. Kwalta tana ɗaukar zafi fiye da iska. Taya mai ɗauke da lodi tana iya fashewa, inji kuma ya tafasa.

Ta yaya direba yake samun labari?

Hanya ta farko ita ce bakin ƴan uwansa. Kafin a ɗaure kaya, direba yakan tambayi wanda ya shigo tasha yanzu. Ina ka baro ruwa? Wane kwari ne ya cika? Akwai motar da ta kafe? Ƴan kamasho ma suna da labari, domin duk motar da ta shigo sai sun gan ta. A da, wannan ita ce kaɗai hanyar. Yau ga wayar salula. Direba yakan kira abokinsa da ke garin gaba, ko mai shayin da ya saba tsayawa wurinsa. Da yawa kuma suna aika wa juna saƙon murya da hotunan hanya ta WhatsApp.

Hanya ta biyu ita ce rediyo. Ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa, wadda cibiyarta ke Yamai, tana fitar da hasashe. Ana bayar da shi a gidan rediyon Muryar Sahel da talabijin. Da damina akan faɗi yawan ruwan da ya sauka a kowane gari da milimita. Ga ma'anar wannan awo: milimita 1 shi ne lita 1 ta ruwa a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. In aka ce an yi milimita 10, an jiƙa ƙasa ke nan. In aka ce 50 ko fiye a dare ɗaya, direba ya san kwari ya kawo, hanyar burji kuma ta zama taɓo.

Hanya ta uku ita ce hasashen da ke cikin waya. Ana rubuta sunan gari, sai alamu su fito: hoton rana, ko gajimare, ko ɗigon ruwa, da lambobi. In an ga 70% kusa da ɗigon ruwa, ma'anarsa ana kyautata zaton za a yi ruwa, ba a tabbatar ba. Direba mai hankali ba ya duba Difa kaɗai. Yana duba kowane gari da zai ratsa, da lokacin da zai isa can.

Hanya ta huɗu ita ce awon kogi. A Bagara, kusa da garin Difa, akwai ma'aunin da ke nuna tsawon ruwan Komadugu. Ma'aikatan ruwa suna karanta shi. In ruwa ya kusa wuce iyaka, hukuma takan yi gargaɗi. Direban da zai shiga gefen kogi ɗaukar kaya dole ya saurari wannan gargaɗi, ya kuma tambayi masunta da masu garake.

Hanya ta biyar ita ce idon direba. A ƙasarmu yawancin hadari daga gabas yake tasowa, ya nufi yamma. Wanda ya baro Damagaram zuwa Difa, gaba da gaba zai yi da shi. Wanda ya tashi daga Difa zuwa yamma kuwa, hadarin yana bin bayansa. Don haka in aka ce an yi ruwa a Ngigmi ko Boso, mutanen Maine-Sorowa su shirya. Kafin ruwa ya sauka, sau da yawa jar ƙura ce take fara zuwa kamar bango, da iska mai ƙarfi. Da direba ya hango ta, sai ya sauka gefen hanya nesa da itatuwa, ya tsaya, ya ƙara ɗaure tamfol.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta isa ita kaɗai. Rediyo yana faɗin halin yanki, ba ya sanin kowane kwari. Abokin da ke waya ya san abin da ya gani ɗazu, bai san na anjima ba. Ƙwararren direba yana haɗa su duka, sannan ya yanke shawara.

Abin da ya rage gare mu

Mai kaya, in direba ya ce a jira gobe, kada ka matsa masa. Kwana ɗaya a tasha ya fi kwana uku a cikin taɓo. Sauri ya haifi nawa.

Ka tabbata tattasanka ya bushe sarai kafin ka zuba shi a buhu. Ka duba tamfol da idonka, ka ga ba shi da huda.

Fasinja, kada ka zuga direba ya ratsa ruwa mai gudu. Ruwan da ya kai gwiwa yana iya jan mota. Kuma ba wanda ya san ko kwaltar tana nan a ƙarƙashinsa. A jira ya janye.

A lokacin hazo, a rage gudu, a kunna fitila ko da rana. Masu tafiya a saman kaya su rufe hanci da baki da rawani, domin ƙura tana kawo tari da ciwon ido. Da bazara kuwa a tashi da asuba, a huta da tsakar rana, a riƙe ruwan sha da yawa.

Manomi ma yana da amfani da labarin nan. Hasashen da ya tsayar da direba a tasha, shi ne zai gaya maka ranar da za ka kwashe shanya, da ranar da za ka janye injin ban ruwa daga bakin kogi. In ka ji adadin ruwa a rediyo, ka rubuta shi a littafinka tare da kwanan wata. In ka sami labarin hanya ta lalace, ka gaya wa na kusa da kai.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.